Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana: Raddi Ga Masu Zargin Masaukin Intanet

Wani ƙorafi ya yi yawa a bakin ɗaliban Hausa da ƙananan malamai masu ɗora darussa a intanet, tun daga Kano da Zariya har zangunan Kumasi da Lome. Mutum zai tara jerin kalmomi, ko karin magana, ko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya kama hayar wuri mai araha a wajen kamfanin da ke saukar da shafuka, ya yi shela ga abokan karatu. Ranar da aka fi bukatar shafin, wato daren jarrabawa, sai ya ƙi buɗewa, ya fito da saƙon cewa an kasa isa ga rumbun bayanai. Daga nan sai zargi ya tashi: kamfani macuci ne, an raina talaka, kuma mafita ita ce a yi karo-karo a kama babban wuri. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, hasali ma ina ganin yana cutar da nazarin Hausa. Rijiyar tana ba da ruwa. A mafi yawan lokaci gugan namu ne ke hanawa.

Yadda Abin Yake

Masaukin haɗaka babbar kwamfuta ce guda ɗaya, wadda ake kira uwar garke, tana ɗauke da shafukan ɗaruruwan masu haya. Rubuce-rubucensu na zaune a rumbun bayanai, galibi MySQL ko ƙanwarta MariaDB. Duk lokacin da mai karatu ya taɓa shafin da aka gina da WordPress ko harshen PHP, manhajar kan zura igiyar haɗi zuwa rumbun, ta ɗebo abin da ake nema, ta janye. Kowace igiya tana cin wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kwamfutar, don haka dole a ƙayyade yawansu. MySQL, yadda take fitowa daga masu ita, igiya 151 take karɓa a lokaci guda. Mai masauki yana iya ɗaga wannan adadi, sannan ya yanka wa kowane ɗan haya rabonsa, wani wurin 10, wani 25, wani 30.

Lambar kuskuren da ta bayyana tana faɗa wa mai shafi inda gizo ke saƙa. Idan 1040 ce, bakin rijiyar gaba ɗaya ya cika, wataƙila ma maƙwabci ne ya cika shi. Idan kuwa 1203 ce ko 1226, to rabonka ne kai ɗan haya ya ƙare. Yawancin masu ƙorafi ba su taɓa duba wannan lamba ba kafin su yanke hukunci, alhali a aji muna koya musu kada su yi sharhin waƙar da ba su karanta ba.

Darasin Zango

Bahaushen Lome bai kamata a yi masa dogon bayani a kan masaukin haɗaka ba, domin sunan unguwarsa ma daga nan ya fito. Zango shi ne inda ayari ke yada kaya ya huta, kuma shi ne mutanen Gana da Togo suke furtawa Zongo. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya fitar da littafi a 1983 a kan fataken wannan unguwa, inda ya nuna cewa kasuwancinsu a kan maigida yake tsaye: shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa. Araha da amincin wannan tsari sun dogara ne da abu ɗaya, wato kowane baƙo ya ɗauki gwargwadon bukatarsa. Falken da ya shigo ya baza kayansa a ɗakuna biyar, ya ɗaure gugansa a bakin rijiya ya tafi kasuwa, idan maigida ya taka masa birki babu mai cewa an zalunce shi. Sauran baƙi ma godiya za su yi.

Iyakar da kamfani ya sa maka ita ce take kare ka daga maƙwabcin da ba ka sani ba. Da babu ita, shafin wani mai tallar takalma da aka gina da ganganci zai cinye igiyoyin duka, ƙamusunka ya mutu ba tare da laifinka ba. Mai neman a cire masa iyaka yana neman a cire wa kowa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Lissafin Da Ake Gudu

Babban kuskuren masu zargi shi ne ɗaukar cewa igiya 25 na nufin masu karatu 25. Abin da ake ƙirgawa shi ne igiyoyin da ke cikin rijiya a daidai lokaci guda. Akwai ƙa'idar jerin gwano wadda John Little ya tabbatar a 1961: yawan waɗanda ke ciki daidai yake da yawan masu zuwa a sakan ɗaya, sau tsawon zaman kowannensu. A ɗauka ɗalibai 200 sun taɓa shafi cikin sakan 10, wato 20 a kowane sakan. Idan kowace bukata ta riƙe igiya na kashi ɗaya cikin 20 na sakan, igiya ɗaya tak ake bukata a matsakaici. Idan kuwa kowace ta riƙe ta na sakan 5, ana bukatar igiya 100, shafi ya faɗi ke nan. Ɗaliban ba su ƙaru ba, kamfanin bai sauya ba. Daɗewar guga a cikin rijiya ce kawai ta bambanta.

Me ke sa guga daɗewa? Na farko, rashin fihirisa. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana da kalmomi wajen 39,000. Mai neman kalma a jeri irin wannan, idan yana raba shi biyu kowane mataki, ba zai wuce rabawa 16 ba. Rumbun da aka yi wa fihirisa haka yake aiki. Wanda ba a yi wa ba sai ya bi layi-layi daga farko har ƙarshe a kan kowace tambaya, haka ma idan aka umarce shi ya nemo guntun kalma a ko'ina cikin dogon bayani. Na biyu, manhajar da ke zura igiya tun farkon aiki, sannan ta tsaya aika wasiƙa ko jiran amsa daga wani shafi tana riƙe da ita. Na uku, wadda ke zura sabuwar igiya a kowane mataki maimakon ta yi amfani da ɗaya. Na huɗu, tarin ƙananan manhajojin ado da ake liƙa wa WordPress, kowace da tambayoyinta ga rumbu. Na biyar, manhajojin kamfanonin bincike da ke yawon kwasar shafuka dare da rana, waɗanda mai shafi ke gani a ƙidaya yana murna cewa masu karatu ne. A wasu tsare-tsaren ma, mai karatun da layinsa ke jan ƙafa yana iya sa manhaja ta daɗe ba ta gama aika shafi ba, igiya kuwa tana rataye. Duk waɗannan gyaransu a hannun mai shafi yake, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Magungunan Da Ke Ƙara Ciwo

Ana ba ɗalibai shawarwari uku da nake so su yi watsi da su. Ta farko, wai a yi amfani da igiya mai ɗorewa, wadda ba a janyewa bayan an gama. A masaukin haɗaka wannan ɗaure guga ne a bakin rijiya: kowane ma'aikacin PHP zai riƙe tasa ko ba ya aiki, MySQL kuwa a asalin tsarinta sai igiya ta yi sakan 28,800 tana barci, wato awa 8, kafin ta yanke ta, sai fa in mai masauki ya rage. Umarnin SHOW PROCESSLIST zai nuna wa mai shafi igiyoyinsa masu barci, ya ƙirga da idonsa. Ta biyu, wai a buɗe sunaye da yawa a rumbu don a ninka rabo. Wannan ha'inci ne ga maƙwabta, kuma ƙarshensa rufe shafi. Ta uku, wai a koma keɓantacciyar uwar garke. Ko da Yuro 5 ne a wata, a canjin sefa 655.957 kowane Yuro, ya haura sefa 39,000 a shekara, kuma daga ranar kai ne mai gadi, kai ne mai toshe kafofin ɓarayi, kai ne mai adana kwafi. Manhajar da ke riƙe igiya sakan 5 za ta cika sabon gidan kamar yadda ta cika tsohon, sai dai a ɗan jinkirta ranar.

Wasu kuma kan jingina laifin ga raunin intanet a ƙasashenmu. Wayar ƙarƙashin teku ta Equiano, mallakar Google, ta sauka a Lome a watan Maris na 2022. Faɗin hanya yana kawo masu ɗiban ruwa da sauri, amma ba ya ƙara wa bakin rijiya ko taƙi ɗaya.

Tambayar Da Ta Fi Muhimmanci

Mene ne ma ya kai mu rijiya? Rumbun bayanai an yi shi ne domin abin da ke sauyawa: kuɗin asusu, kujerun jirgi, rajistar ɗalibai. Jerin karin magana ba ya sauyawa tsakanin Azahar da La'asar. Darasi a kan gizagon aikatau ko jam'in suna yau da gobe ɗaya ne. Shafin da ke ɗebo wannan darasi daga rumbu sau dubu a rana tamkar gidan da ke aika yaro rijiya ne duk lokacin da wani zai kurɓi ruwa, alhali ga randa a tsakar gida.

Randar tana nan iri-iri. Mai WordPress yana iya sa WP Super Cache ta mayar da darussansa fayiloli tsayayyu, waɗanda uwar garke ke miƙawa ba tare da ta taɓa rumbu ba. Mai ƙaramin ƙamus yana iya amfani da SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fitar a 2000: fayil ɗaya ce, ba ta bukatar igiya zuwa wata uwar garke, masu karatu da yawa suna iya ɗiba tare, mai rubutu ne kawai ke shiga ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa dabara kuwa zai rubuta shafukansa tsayayyu tun farko, ya raba kalmomi harafi-harafi, ya ɗora su kyauta a wuri irin GitHub Pages. Kalmomi 39,000, ko da kowace da bayaninta sun ci haruffa 200, duka kusan megabait 8 ne, abin da ɗan gajeren bidiyo a WhatsApp ke haurawa. Ɗalibin da ke Zongo zai iya sauke shi sau ɗaya, ya ci gaba da karatu ko data ta ƙare.

Ban wanke kamfanoni tas ba. Wanda ya rubuta a talla cewa masaukinsa ba shi da iyaka, sannan ya ɓoye adadin igiyoyi a can ƙarshen sharuɗɗa, ya yi yaudara, kuma haƙƙin mai haya ne ya tambayi adadin a rubuce kafin ya biya. Haka kuma idan lambar 1040 ce ke yawan fitowa alhali shafinka a tsabtace yake, maigida ya cika gida fiye da kima, sai ka tashi. Akwai kuma shafukan da suka girma da gaske, masu rajista da jarrabawar kai tsaye, waɗanda suka cancanci gidan kansu. Amma waɗannan tsiraru ne a cikin shafukan nazarin Hausa.

Abin Da Ke Cikin Haɗari

Damuwata ta wuce daren jarrabawa. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongon Lome da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa kimanin kilomita 15 arewa da birnin. Zuriyarsu sun san cewa masauki ba ya dawwama, kuma abin da ke tsira shi ne wanda ake iya ɗauka a tafi da shi. Kayan da ke kulle cikin rumbun haya, wanda ba ya bayyana sai an rubuta kalma a akwatin bincike, ma'adanar Internet Archive ba ta iya kwafe shi yadda take kwafe shafi tsayayye. Ranar da kuɗin haya ya yanke, ko mai shafin ya kwanta dama, aikin shekaru ya tafi. Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi lokacin tana cikin Togo, wanda ya yi aiki da Alhaji Umaru haifaffen Kano, ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Mulkin Jamus a Togo ya ƙare a 1914, ƙamusun kuwa har yau ana buɗe shi, domin karanta shi bai rataya a kan biyan kowa ba. Abin kunya ne a ce namu na zamanin kwamfuta ya kasa shekara biyar.

Saboda haka, ya kai ɗalibi mai niyyar ɗora aikinka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka yi shela, tambayi mai masauki rabonka. Yi wa rumbunka fihirisa, zura igiya ɗaya a makare, janye ta da wuri. Abin da ba ya sauyawa zuba shi a randa. Sannan ka fitar da kwafin aikin duka a fayil mai sauƙi, ka ba abokan karatu uku su ajiye, ɗaya a Kano, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Lome. In ka yi wannan shafin ya sake faɗuwa, kawo lambar kuskuren, mu tafi wajen maigida tare.