Sharhi: Makomar namun dajin Yellowstone na hannun masu filayen da ke kewaye da shi

Tun a shekarar 1872 Amurka ta keɓe gandun dajin Yellowstone, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,000. Sai dai yankin tsaunukan da namun dajin ke yawo a cikinsa ya ninka gandun kusan sau goma, ya ratsa jihohin Wyoming da Montana da Idaho.

Gandun yana kan tudu ne. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, dole barewa iri-iri su gangara kwari, inda yawancin filaye masu dausayi gonakin kiwo ne na jama'a. Akwai garken da ke tafiyar kusan kilomita 240 tsakanin Red Desert da Hoback a Wyoming.

Masu gonakin ne ke ɗaukar nauyin waɗannan baƙi. Suna cinye musu harawa, su karya shinge, wasu ma su shafa wa shanu cutar bakkale mai sa ɓari. Ga kuma masu kuɗi na taya filayen da tsada domin gina gidaje. Da zarar an yanka gona an sayar, hanyar dabbobin ta toshe, kamar yadda burtali ke ɓacewa idan aka nome shi.

Shi ya sa hukumomi da ƙungiyoyi suka koma ga yarjejeniya: mai fili ya ci gaba da mallaka da kiwo, ya sarayar da ikon yin gine-gine har abada, a biya shi ko a sassauta masa haraji. A 2022 Ma'aikatar Noma ta Amurka da jihar Wyoming sun ƙulla shirin tallafa wa masu filayen da ke kan hanyoyin ƙaurar. Tsarin na ganin dama ne, kuma wasu na ƙin sa domin yana ɗaure magada.

Najeriya ma tana da irin wannan ƙalubale a Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar, da ke tsaunukan Taraba da Adamawa, wanda makiyaya da manoma ke zaune a wasu keɓaɓɓun sassansa. Masu gadi kaɗai ba za su wadatar ba. Muddin maƙwabcin daji asara kawai yake kwasa daga dabbobin, da wuya ya bar musu hanya.