Eka Ba Hekta Ba Ce

Ran 1 ga Janairu 1973 aka canja kuɗin Nijeriya. Fam da sule da sisi suka kau, naira da kwabo suka zo. Aka ce fam ɗaya naira biyu ce, sule ɗaya kuwa kwabo goma. Ba a daɗe ba, har tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Jangebe ta iya lissafin, ba wanda ya isa ya cuce ta ko da kwabo. A shekarun nan ne kuma aka canja ma'auni. Dokar awo ta 1974 ta tabbatar da mita da lita da kilo, aka ajiye yadi da galan da laba. To, yau ga shi an haura shekara hamsin, amma manomi da yawa a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun bai san girman gonarsa da sabon awon ba. Ya koyi naira domin ya ga a aljihunsa take. Hekta da kilo ma a aljihunsa suke, bai dai lura ba ne.

Babban abin da ke rikita mutane shi ne kalmar nan kadada. Wani in ya ce kadada, eka yake nufi. Wani kuwa, musamman a rediyo, hekta yake nufi. Alhali tsakaninsu akwai rata mai yawa. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau murabba'in mita 10,000. Eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce, ba ta ko kai rabin hekta ba. Hanya mai sauƙi ta riƙe wannan a ka ita ce: eka biyar, hekta biyu. Hekta ɗaya kuma kusan eka biyu da rabi ce, saura kaɗan ta cika.

Ga misali. Malamin gona ya ce a zuba buhu huɗu na takin zamani a kowace kadada, shi kuwa hekta yake nufi. Mai eka ɗaya ya ji, ya sayar da akuya ya sayo buhu huɗu, alhali buhu ɗaya da rabi da ɗan ɗori sun ishe shi. Ya yi asarar kuɗin buhu biyu da wani abu, watakila ma takin ya ƙone masa shuka. In kuwa malamin eka yake nufi, mai hekta ya zuba huɗun nan kaɗai, to, bai ba gonarsa ko rabin abincinta ba. Da kaka ya ga zangarniya ƙanana, ya ce takin bana ba shi da kyau. Laifin nan na su biyu ne, amma na malamin ya fi yawa, domin shi ne ya yi makaranta. Kamata ya yi ya daina cewa kadada, ya fito fili ya ce eka ko hekta.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da awon ƙasa ke jawowa. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka baje gonaki da manyan motoci domin noman rani, iyakokin da kowa ya gada suka ɓace, da itatuwan da ake shaida su. Rigimar diyya da ta rabon filaye ta yi tsanani, har a watan Afrilu 1980 aka yi asarar rayukan manoma masu yawa. Ba rashin sanin hekta ne ya jawo wannan ba, kada a ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Amma ranar da tsamiya da kuka suka faɗi, wanda shaidarsa ita ce "daga tsamiya zuwa kuka" ba shi da abin nunawa. Har gobe duk mutumin Jangebe da zai je karɓar hayar fili a wurin noman rani, da hekta za a yi masa magana.

Awon gona kuwa ba ya bukatar injiniya. A sami igiya, a je wurin tela a ari abin awonsa, a yanke mita goma daidai. Da ita za a auna tsawon gona, a auna faɗinta, sa'an nan a yi sau. Tsawo mita 80, faɗi mita 50, ya ba da 4,000, watau kusan eka guda ke nan. Ɗan firamare aji biyar zai yi wa ubansa wannan a ƙasa da tsinke. In gonar ba ta miƙe ba, sai a yanka ta gida biyu ko uku, a auna kowanne, a tara. Sai dai akwai wani rami da mutane ke faɗawa. Tun da hekta ɗari ce da ɗari, sai mutum ya ɗauka hamsin da hamsin rabin hekta ne. A'a, rubu'i ne, domin 50 sau 50 ya ba da 2,500 kaɗai. Wanda ya biya kuɗin hayar rabi a kan irin wannan fili, ya biya ninki biyu.

Haka maganin feshi. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. In takardar jikin kwalba ta ce lita biyu a hekta, famfon goyo kuwa sai an cika shi sau goma kafin a gama hektar, to, kowane cikawa mililita 200 ne. Gwangwanin madara da murfin kwalba ba ma'auni ba ne, sai in an gwada an san abin da suke ci.

Sa'an nan a zo kasuwa, inda cutar ta fi ciwo. Tiya da mudu cika suke aunawa, ba nauyi ba. Tiyar shanshera ba ta kai tiyar gero nauyi, tiyar wannan kasuwa kuma ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, balle an bubbuga gindinta ko an yi mata tozo. Manomi ya sayar da buhu a kan kuɗin buhu, ɗan kasuwa ya kai kamfani a ɗora a sikeli a biya shi da kilo. Shi ya sa yake zuwa da nasa buhun, a danna, a ƙara danna, a ɗinke baki da ƙyar. In buhun da ake kira na kilo 100 ya ci 115, to, a kowane buhu bakwai manomi ya ba da ɗaya kyauta, ko na gode ba a ce masa ba. Abin mamaki, in shi ne mai saye, buhun taki kilo 50 ne cif, buhu ashirin tan ɗaya, ba mai ƙara masa ko ƙwaya.

Waɗansu za su ce ai sikeli ma ana yi masa wayo, hatsi mai danshi kuma ya fi nauyi. Gaskiya ne. Amma sikeli yana da shaida: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 20 cike da ruwa dole ta nuna kilo 20 da ɗan nauyin jarkar. In ba ta nuna ba, kowa ya gani a bainar jama'a. Tiya fa, da me za a gwada ta? Hausawan Birnin Ƙonni da Maraɗi tun zamanin Faransawa suka saba da kilo da mita, su ma kuwa gero da dawa suke nomawa, ba a ce ya gagare su ba.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su ajiye sikeli a kowace babbar kasuwa, a hannun sarkin kasuwa, duk mai so ya ɗora buhunsa kafin ya yi ciniki. In hukuma ta yi nawa, ƙungiyar manoman gari guda ta isa ta yi karo-karo ta sayi nata kafin a fara sussuka.