KUREGEN DA YA CI GASAR DUNIYA, DA YARANMU MASU KWAFA

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, kwanan baya da aiki ya kai ni Ikko, na sauka gidan yayana a Agege, na tarar gida ba daɗi. Yaya ya ƙwace wayar ɗansa, yaro ɗan shekara 15, ya kulle ta a akwati, wai yaron ba shi da aiki dare da rana sai faɗan dodanni. Na roƙi arziki aka fito da wayar, na ce wa yaron ya nuna mini abin da ya hana shi barci. Ashe wasan nan ne na Pokémon, wanda mu ma muka taɓa muna yara. Ina zaune a gabana aka cinye shi wasa biyar a jere. Na ce, "Kai kuwa wa ya zaɓa maka waɗannan dabbobi shida?" Ya ce, "Baffa, ai jerin gwanaye na kwafa, su ne mafiya ƙarfi duka." Na ce to nan ne ciwon yake.

Ra'ayina a yau kashi biyu ne. Yaran da ke wannan wasa sun yi kuskure da suke zaton tara masu ƙarfi shi ne iya wasa. Iyaye kuma sun yi kuskure da suke zaton babu komai a cikinsa sai ɓata lokaci. Hujjata a kan duka biyun ɗan kurege ne guda ɗaya.

Bari in fara warware wa dattawa yadda abin yake. Wasan Pokémon a ƙasar Japan aka ƙago shi, kamfanin Game Freak ya tsara, Nintendo ya fitar a shekarar 1996. A cikinsa mutum yana kama waɗansu dabbobin ƙage, ya hore su, sa'an nan ya kara su da na wani. Kowace dabba tana da jinsinta, kamar wuta, ruwa, ciyawa, lantarki, ƙasa, da masu tashi sama, kuma tun 2013 jinsunan sun kai 18. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa, haka abin yake zagayawa. Kowace dabba dabaru huɗu kacal aka yarda ta riƙe, da kaya guda ɗaya. A babbar gasa kowa yakan zo da dabbobi shida, ya leƙa na abokin karawarsa, ya zaɓi huɗu, a fito fili biyu da biyu. Kowa yana zaɓen abin da zai yi a ɓoye, sa'an nan a buɗe lokaci guda. Wanda ya san dara ya san irin wannan zama: rabin wasan karanta zuciyar wanda ke gabanka ne.

To, a watan Agusta na 1914 ba a san wannan ba, amma bayan shekara ɗari cif, watau Agusta 2014, an yi gasar duniya ta wannan wasa a birnin Washinton na Amurka. A lokacin, sarauniyar fili ita ce wata dabba mai suna Kangaskhan, wadda in ta rikiɗe takan kai sara biyu a maimakon ɗaya. Kusan duk inda ka duba ita ce, tare da manyan dodanni irin su Garchomp da Salamence. Sai ga wani saurayi ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya shigo da Pachirisu, wani ɗan farin kurege mai rawayen kumatu, na jinsin lantarki. In an haɗa makin ƙarfinsa duka 405 ne, na Garchomp kuwa 600. Makin dukansa 45 ne, na Garchomp 130. Duk da haka Park ya kai wasan ƙarshe, ya kara da Jeudy Azzarelli na Amurka, ya ci kofi. Hausawa sun ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Abin tambaya shi ne, me ya sa ya ɗauko kuregen? Ba don ban dariya ya yi ba. Park yana da manyan mayaƙa guda biyu da lantarki ke yi wa illa. Na farko Gyarados, wani macijin ruwa mai tashi, wanda harin lantarki ke ci ninki huɗu, ko bayan ya rikiɗe ma ninki biyu ne. Na biyu Talonflame, tsuntsun wuta, shi ma lantarki na cinsa ninki biyu. Gyarados yana da wata rawa da ke ƙara masa ƙarfi da sauri, amma sai ya sami zagaye ɗaya ko biyu ba a taɓa shi ba. Saboda haka abin da Park ke nema shi ne mai tsaya masa a gaba, kamar yadda a wasan langa ake tare wa ruwa har ya je ya sha.

Kuregen yana da dabarar da ake kira Follow Me, watau "biyo ni". In ya yi ta, duk harin da aka nufi abokinsa da shi sai ya juyo kansa, kuma takan riga yawancin hare-hare fita. Sa'an nan yana da wata baiwa ta shanye lantarki: in an harbe shi da shi ba ya jin komai, sai ma kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa ya dawo. Kun ga ke nan makamin da aka tanada don kashe Gyarados ya zama abincin kurege.

Sauran dabarunsa uku ma babu wadda ta dogara da ƙarfin dantse. Akwai Nuzzle, gogar kumatu, wadda ƙarfinta 20 ne kawai amma duk wanda ta kama sai jikinsa ya shanye. A dokar 2014 wanda jikinsa ya shanye saurinsa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a kowane zagaye akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya kasa motsi sam. Akwai Super Fang, cizon fiƙa, wanda ke raba jinin da ya rage wa abokin gaba biyu ya tafi da rabi, ko mai cizon ƙato ne ko ɗan tsako. Ta huɗu ita ce Protect, watau kāriya, wadda ke tsare shi zagaye guda. Kayan da ya riƙe kuwa wani ɗan itace ne mai suna Sitrus, wanda in jini ya sauka rabi sai ya ci ya mayar da kashi ɗaya cikin huɗu. Makin horo ma, da ake ba kowace dabba 510, Park bai ɓata su wajen ƙara masa duka ba, a kan jimiri ya zuba su. Shi ya sa a wasan ƙarshe kuregen ya tare wa abokinsa Draco Meteor, babban harin Salamence, ya tashi da ransa. Wannan hari kuwa duk wanda ya sake shi ƙarfinsa na irin wannan hari yakan ragu da rabi, don haka mai harbin ne ya yi asara.

Wani zai ce, ai akwai masu yin wannan aiki da suka fi shi. Gaskiya ne a lokacin yawancin 'yan wasa Amoonguss suke sawa, wani naman kaza mai kauri wanda ke jan hari da watsa gari, yana kuma sa abokan gaba barci. Amma daga 2013 an sa doka cewa gari ba ya kama dabbobin jinsin ciyawa, kuma akwai wani tabarau da in dabba ta riƙe gari ba ya shafarta. "Biyo ni" kuwa ba gari ba ce, tabarau bai hana ta. Bugu da ƙari wuta da masu tashi sama suna cin Amoonguss ninki biyu, ga shi kuwa fili cike yake da Talonflame, wanda a wancan zamani harinsa na sama kan riga na kowa fita. Kuregen lantarki shi rabin wannan hari kaɗai yake ji. Dokar shekarar ma ta taƙaita dabbobin da za a shiga da su ga na yankin Kalos, masu iya "biyo ni" a cikinsu 'yan kaɗan ne. Park ya zauna ya duba rauninsa, ya duba abin da mutane ke yayi, ya duba abin da doka ta bari, sai ya ga kurege ne ya dace da ramin.

A nan ne na saɓa da waɗanda suka ji wannan labari suka ce ashe kowace dabba ma za ta iya cin gasa in kana sonta. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma ba ta da tushe. Pachirisu yana da rauni a fili. Jinsin ƙasa na cinsa ninki biyu, kuma girgizar ƙasa, da yake ta game fili duka, "biyo ni" ba ta juya ta. Haka ruwan duwatsu da iskar zafi, duk harin da ke dukan biyu lokaci guda ba ruwansa da kurege. Garchomp ɗin Park kansa in zai girgiza ƙasa, dole kuregen ya fake da kāriya ko a janye shi, in ba haka ba na gida ne zai kashe shi. Marin bazata na Kangaskhan yana riga "biyo ni" fita, ya firgita kuregen ya hana shi aiki a zagayen farko. Akwai kuma wata dabara ta tsokana da in an yi masa ba zai iya "biyo ni" ko kāriya ba har zagaye uku. Gogar kumatu ba ta kama jinsin ƙasa, ba ta shanye jikin na lantarki, cizon fiƙa kuma ba ya taɓa fatalwa. In kuwa wasan ɗaya da ɗaya ne, "biyo ni" ba ta da amfani ko kaɗan, tun da babu abokin da za a tsare. Kuma kada a manta sauran biyar ɗin Park ba raunana ba ne: Garchomp, Gyarados, Talonflame, Gardevoir da Gothitelle, wadda ke hana abokan gaba janyewa daga fili.

Har ila yau kiɗa ya canja tun daga wancan lokaci. A wasannin da suka fito a 2016 an rage illar shanyewar jiki, sauri ya koma rabi a maimakon kashi ɗaya cikin huɗu. An rage ƙarfin sara na biyu na Kangaskhan, an kuma ce Talonflame ba zai riga kowa ba sai jininsa na cike. Wasannin 2019 da 2022 ma babu irin waccan rikiɗa a cikinsu, sa'an nan an sami sababbin masu "biyo ni" irin su Indeedee da Ogerpon. Saboda haka yaron da ya kwafi kuregen Park a yau, shi da wanda ya kwafi manyan dodanni duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da na gaya wa ɗan yayana shi zan gaya wa 'ya'yanku na Sabon Ibadan da Shagamu da Idi Araba da Fatakwal. Kafin ka zaɓi dabba, ka tambayi kanka wa zai ci maka wasan, me ke kashe shi, wa kuma zai tare masa wannan abin. In ka sa dabba a jerinka ba ka iya faɗin aikinta da jimla ɗaya ba, cire ta. In an cinye ka, kada ka ce sa'a ce, koma ka duba a wane zagaye ka yi kuskure. Da muka duba jerin yaron, huɗu daga cikin shidansa ƙanƙara ke ci, kuma babu ko ɗaya mai tsare wani. Muka cire biyu, muka sa mai tarewa da mai rage wa abokan gaba sauri. A daren nan ya ci uku ya faɗi biyu, kuma biyun da ya faɗi ya iya gaya mini dalili da bakinsa.

Ku kuma iyaye, ban ce a saki yara da waya ba. Yaya yana da gaskiya da ya ce karatu ya ja baya, kuma yaron da ke kwana a kan waya ba zai gane komai a aji ba. A yanka musu lokaci, a karɓe wayar in dare ya yi, a tabbata an yi aikin makaranta tukuna, kuma duk ranar da kuɗi ya shiga tsakani, wato a ce wanda ya faɗi zai biya, a tsayar da wasan nan take, don ya zama caca. Amma kafin ka fasa waya, zauna ka ce yaron ya bayyana maka abin da yake yi. In ya iya gaya maka me ya sa rabin 160 in an ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu na 160 ya zama 120, kuma me ya sa wannan ya isa a tsira daga sara na gaba, to lissafi yake yi, kuma kana iya jan wannan lissafi zuwa littafinsa. In kuwa ya kasa, danne-danne kawai yake yi, sai ka rage masa da hujja.

Yaya dai ya yarda da awa ɗaya bayan la'asar, ban da ranakun jarrabawa, wayar kuma a ɗakinsa take kwana. Yaron ya ce in na komo zai kara da ni. Na ce ya fara kawo mini sakamakon lissafinsa na wannan zango tukuna.

Allah ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.