Jirgin Kano zuwa Maraɗi: Kaya Kawai, Mutane Fa?

Jama'ar Daura, mu faɗa wa juna gaskiya. Tun Fabrairun 2021 da marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, zancen manyanmu ɗaya ne: kaya, kaya. To mutane fa?

Ni mai zuwa Karkanda ne kallon Katsina United, tafiyar kusan kilomita 80. Ana tashi wasa gab da magariba, ka zo tasha ka tarar kuɗin mota ya hau, a cusa ku biyu gaba huɗu baya, ka iso gida bayan isha'i, tsohuwarka na zaure da carbi tana jiranka. Wallahi sau da yawa haƙura nake.

Wasu 'yan jam'iyyarmu na cewa wai wannan maganar yara ce. Yaran da kuke bi gida-gida ranar zaɓe? Mai zuwa ƙwallon nan shi ne ɗalibi, shi ne mai kai mara lafiya asibiti Katsina. Jirgin da ya ɗauke shi ran wasa zai ɗauke shi ran Litinin.

Buƙatunmu uku ne: jirgin fasinja safe da yamma tsakanin Daura da Katsina, tikitin da talaka zai iya saya, da motoci daga tashar jirgin Katsina zuwa filin wasa.

Wakilanmu, ku buɗe baki yanzu, kafin a tsara komai ba da mu ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.