Dokar Kare Gobara: A Fara Jin Ta Bakin Mazauna Unguwa

'Yan'uwa, duk wanda ke zaune a Tarauni ko Gyadi-Gyadi ba zai manta da ranar Babbar Sallar shekarar 2025 ba. A wannan rana ta watan Yuni, yayin da maƙwabtanmu ke cikin hidimar layya, wuta ta tashi a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, ta cinye ɗaruruwan shaguna. Matasa da yawa sun wayi gari da jari, suka kwana babu ko kwabo. Kafin wannan, a watan Maris na 2016, kasuwar Sabon Gari ta ƙone, dubban shaguna suka zama toka. Kowane lokaci sai mu jajanta wa juna, manya su zo su yi alkawari, a sake gini, sannan a koma gidan jiya.

Ba rashin doka ne ke damunmu ba. Dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya tun 1963 take. An fitar da kundin ƙa'idojin gine-gine na ƙasa a 2006, sannan kundin ƙa'idojin kare gobara na ƙasa a 2013. Amma zaman da muke yi yau ya sha gaban waɗannan takardu. Gidaje da yawa suna da tukunyar gas. Janareta na aiki a bakin ƙofa, jarkar fetur na ajiye a ƙarƙashin matakala. Ga batiran sola da na wayoyi da ake barin su a caji dare da rana. Saboda haka ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Jihar Kano za ta sake duban ƙa'idojin kare gobara na wannan birni. Amma kada a rubuta su a ofis kaɗai. A fara zuwa unguwanni a ji ta bakin jama'a.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya zai iya rubuta cewa kowane gini ya kasance motar kwana-kwana za ta iya isa gare shi. To amma mazaunin Gyadi-Gyadi ne zai nuna masa lungun da aka cinye da shago da kwata har ko Keke Napep ba ya wucewa. Matar da ke girki a gidan haya mai ɗakuna goma da ƙofar fita guda ɗaya, ita ta san inda haɗarin yake. Mai gyaran waya ya san yadda ake jona shaguna da dama a jikin waya ɗaya siririya. Mai gadin kasuwa kuwa ya san ƙofar da ake garƙamewa da kwaɗo da dare.

A birnin Landan na Ingila, mazauna dogon benen Grenfell sun daɗe suna kokawa kan haɗarin wuta, ba a saurare su ba. A watan Yuni na 2017 benen ya kama, mutum 72 suka rasu. Sai bayan nan, a 2022, aka yi dokar da ta wajabta tuntuɓar mazauna irin waɗannan gine-gine. Bai kamata mu jira irin wannan ba.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Ƙananan ikilisiyoyi da yawa suna taruwa ne a ɗakin haya ko ginin da ba domin taro aka yi shi ba. Saboda tsaro mun sa ƙarafa a tagogi, mun rufe ƙofar baya, mun bar hanya ɗaya domin binciken masu shigowa. Dalilin a fili yake, amma idan wuta ta tashi ana cikin sujada, ta ina yara da tsofaffi za su fita? Doka mai kyau za ta daidaita tsaro da hanyar tsira, ta shafi majami'a da masallaci da makarantar Islamiyya da gidan biki daidai wa daida.

Na san wasu suna tsoron kada sabuwar doka ta zama hanyar rufe wurare ko tatsar kuɗi daga marasa ƙarfi. Tsoron ba na banza ba ne. Amma maganinsa ba ɓuya ba ne. Wanda bai halarci zama ba, da shi za a yanke hukunci. Mu nemi a rubuta sharuɗɗan a fili cikin Hausa da Turanci, a ba da wa'adin gyara kafin tara, a kuma bayyana kuɗin dubawa kowa ya sani.

Ga abin da za mu iya farawa da shi. Dattawan ikilisiya su zauna da masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, a rubuta takarda guda a miƙa wa kansilolin Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Tarauni. A nemi zaman sauraron jama'a a cikin ƙaramar hukumar, tare da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano da hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini. Zumuntar mata da matasa kada a bar su a baya.

Kafin nan, wannan Lahadin kowa ya duba ƙofar baya ta majami'arsu, ya tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin. Allah ya kiyaye mu da maƙwabtanmu baki ɗaya.