An Fassara Ɗaki, An Bar Ƙofa da Turanci

Akwai wata yaudara da ta zama ruwan dare a shafukan intanet na ƙungiyoyi da hukumomin da ke cewa don talakan Arewa suke aiki. Za a liƙa maɓallin "Hausa" a saman shafi. In an taɓa shi, bayanin shirin zai juye zuwa Hausa, amma fom ɗin rajista, da maɓallin aikawa, da jan rubutun da ke fitowa idan an yi kuskure, duk suna nan da Turancinsu. Mu da sana'armu ke nan mun san dalili, kuma ba wahalar aiki ba ce. Raini ne.

Yawancin shafukan nan da WordPress ake gina su, a ɗora musu Elementor ko makamancinsa. Ana tsara samfuri guda mai ɗauke da kan shafi da ƙasansa da fom, kowane shafi ya saka shi kamar riga. Kalmomin da ke jikin samfurin ba sa cikin labarin da ake tura wa mai fassara. Dole a tsamo su daban, a fassara su da kayan aiki irin WPML ko Polylang. Mai kwangila ya san haka, amma ya san kuma wanda zai sa hannu a biya shi ba zai taɓa cike fom ɗin da Hausa ba.

Wa ke ɗaukar asarar? A ɗauki manomi a Shanono, wanda ke karanta Hausa sarai a wayarsa, yana neman tallafin taki. Ya karanta sharuɗɗa, ya gane ya cancanta. Da ya zo wurin cikewa, sai harshe ya canza. Dole ya nufi shagon mai kwamfuta, ya biya, ya miƙa lambar NIN da BVN ɗinsa ga wanda bai sani ba. An yi masa bayani da yarensa, an hana shi yin aikin da hannunsa.

Ko inda aka fassara samfurin ma, sau da yawa ƙashinsa na Turanci ne. Turanci yana sa lamba kafin suna, Hausa kuwa bayansa: "buhu 3" muke cewa, amma samfurin zai fitar da "3 buhu". Hausa tana bambanta "ka" da "ki", sai shafin ya yi ta "shigar da sunanka" kamar babu mata a duniya, alhali "a shigar da suna" ta wadatar da kowa. Fom zai nace sai an rubuta sunan titi da lambar gida, a ƙauyen da ake kwatance da unguwa da masallaci. Ga kuma salon rubutun da ba shi da ƙ, ɗ da ɓ: ko su fito a matsayin ɗan akwati, ko a goge lanƙwasar, "ƙasa" ta koma "kasa".

Za a ce inji zai yi. Gaskiya ne Google Translate ya saka Hausa tun 2013, Facebook ma ya samu Hausa a 2016. Amma kalmomin samfuri tsirara suke zuwa, ba jimla a kusa da su. Ba wa inji kalmar "State" ita kaɗai: jiha ake nufi, ko hali, ko faɗi? Sai mutumin da ke kallon fom ɗin ne zai iya rabewa. Za a ce kuma Hausa ba ta da kalmomin. Harshen da ake buga jarida da shi tun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, ba zai rasa "aika" da "koma baya" ba.

Buƙatarmu ɗaya ce. A rubuta fassarar samfuri a cikin kwangila, kuma kada a biya sai an miƙa wa mutumin da ba ya jin Turanci waya, ya cike fom daga farko har ƙarshe ba tare da an taya shi ba. Wanda ba zai iya haka ba, ya cire maɓallin "Hausa" daga shafinsa.