Shirin Tafiya a Kan Gulbi Marar Zurfi

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi kafin ya shiga Jihar Kebbi ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ba ya zama a hali ɗaya. Da rani yakan janye ya bar rairayi da 'yan gurabe, har a ƙetare wasu mashigai da ƙafa. A Agusta da Satumba kuwa sai ya cika ya batse, ya shanye fadama. Saboda haka duk mai shirin hawa kwalekwale, ko zuwa gona ne, ko cin kasuwa, ko yawon buɗe ido, abin da zai fara dubawa shi ne watan da ake ciki.

Mutane sun fi tsoron ruwa mai zurfi, alhali marar zurfin ya fi yaudara. Kowace damina tana kwashe rairayi daga wani wuri ta jibge a wani, don haka hanyar da jirgi ya bi bara tana iya zama tudu bana. Jirgin da ya daki tudun rairayi yakan juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, fasinjoji su firgita su koma gefe ɗaya, shi ke nan ya kife. Ruwan damina kuma ja ne, ba a hangen ƙasansa. Gwanin matuƙi fuskar ruwan yake karantawa: inda ya yi ƙananan igiyoyi akwai tudu a ƙasa, inda yake murɗawa akwai rami ko kututture. Inda ya yi shakka sai ya soka gora ya auna. Wannan ilimi na 'yan fito ne da masunta, shi ya sa baƙo mai hankali yakan nemi Sarkin Ruwa kafin ya nemi jirgi.

A tafkin Kainji ma haka abin yake. Da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya rufe garuruwa da dazuzzuka da wasu tsibiran da Gungawa ke zaune a kai a ƙasar Yawuri. Kututturan itatuwan suna nan a ƙarƙashi, kuma idan ruwa ya ja baya sukan matso kusa da cikin jirgi. Ga kuma dorina, wadda ba ta son a kusanci 'ya'yanta.

Sai batun lodi, wanda nan ne kwaɗayi ke shigowa. Kowane buhu da kowane babur da aka ƙara yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. A Mayun 2021 wani jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka da dama. A Satumban 2024 irin haka ta faru a Gummi, inda gomman mutane, galibinsu manoma masu zuwa gona, suka rasu. Matsalar tsaro a hanyoyin mota ma tana ƙara tura mutane kan ruwa.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda ke da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar ruwa. Doka ce mai kyau, sai dai a yawancin mashayun ƙauye babu rigar, balle mai tilasta sanya ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: rigar ruwa, filafili na ajiya ko da jirgin mai inji ne, ƙwaryar kwalfe ruwa da isasshen mai, duk tun jiya ake tanadinsu. A tashi da safe, a kuma dawo kafin hadarin la'asar ya haɗu.

Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi su zauna da masarautu da sarakunan ruwa kafin damina ta kankama, a rubuta wa kowane jirgi adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, a kuma ajiye rigunan ruwa a kowace babbar mashaya.